Wane Nazarin Ruwa Ya Cancanci Kuɗin Jiha? Jagora Ga Masu Tantancewa

Duk shekara idan lokacin tsara kasafin kuɗi ya kama, teburin ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha yakan cika da takardun neman a yi nazari. Hukumar ruwan sha tana son a duba yadda za a faɗaɗa matata. Masu kula da ruwan karkara suna son taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ɗan majalisa ya kawo buƙatar a duba yiwuwar gina dam a mazaɓarsa. Ga kuma wani kamfanin ƙwararru ya aiko da kundi mai ƙyalli, wai zai tsara wa jiha babban shirin ruwa na shekara 30. Kowace takarda ka ɗauka ita kaɗai, sai ka rantse ita ce gaba. Kuɗin da ke ƙasa kuwa bai fi na biyu ko uku ba, shi ma sai an ci sa'a an sake shi kafin shekara ta ƙare.

Wannan jagora ta waɗanda nauyin zaɓen ya hau kansu ce: daraktocin tsare-tsare, ma'aikatan ofishin kasafi, 'yan kwamitin ruwa na majalisar dokoki, har da 'yan jarida da ƙungiyoyin da ke bin diddigin kuɗin jama'a. Yawancin misalan daga kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe suka fito, inda ruwa ɗaya ya haɗa jihohi shida, amma matakan za su yi aiki a kwarin Rima ko na Gongola. Abin da nake so a riƙe tun daga nan shi ne, muhimmancin batu ba ya sa nazari ya cancanci kuɗi, don babu maganar ruwan da ba ta da muhimmanci a Arewa. Nazari yana cancanta ne idan akwai wata shawara da ke zaune tana jiran amsarsa, kuma amsar tana iya juya ta.

Mataki na 1: Wace shawara ce ke jira, kuma wa zai yanke ta?

Kafin a buɗe shafin farashi, a sa duk wanda ya kawo takarda ya amsa tambaya huɗu a rubuce, a shafi ɗaya tak. Wace shawara ce ba a iya yankewa yanzu saboda rashin wannan bayani? Wane ofishi ne zai yanke ta? Yaushe? Me za a yi idan amsa ta fito ta dama, me za a yi idan ta fito ta hagu?

Tambaya ta huɗun nan ita ce matankaɗi. Ku saurari irin abin da akan ji a zaman kare kasafi. Shugaban kwamiti ya gyara tabarau ya ce, "Darakta, idan rahoton nan ya fito ya ce ruwan wurin ba zai cika dam ba, za a fasa aikin?" Darakta ya yi shiru, ya dubi babban sakatare, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Mai Girma Gwamna ya riga ya yi wa mutanen alƙawari." To magana ta ƙare. Ba bayani ake nema ba, takardar da za a jingina a bayan shawarar da aka riga aka yanke ake nema. Idan lalle sai an yi aikin, gara a kashe kuɗin wajen zanen gini mai inganci da binciken ƙasar wurin, a daina kiran abin nazarin yiwuwa.

Haka nan a yi hattara da takardar da manufarta ta ƙare a kan "domin a ƙara fahimtar matsalolin ruwa a faɗin jiha". Wannan aikin jami'a ne, yana da darajarsa, kuma akwai asusun da aka tanada dominsa. Kuɗin ma'aikata na mai cewa ne, "A watan Maris za mu zaɓi inda sabon bututun ɗibar ruwa zai zauna, wuri biyu ne a gabanmu, kuma ba mu san wanne ne ruwansa ke ɗorewa har watan Mayu ba." Mai irin wannan magana ya san abin da yake nema, kuma za a iya tuhumarsa idan bai yi aiki da amsar ba.

Duk takardar da ta kasa cika shafin nan a mayar wa mai ita. Kada a ba ta ƙaramin maki a bar ta a layi, don maki ƙarami yakan girma cikin dare idan mai takardar yana da uwa a gindin murhu.

Mataki na 2: A buɗe kabad, a kuma duba hurumi

Abin mamaki ne yawan nazarin da aka taɓa yi aka manta. Nijeriya tana da babban shirin albarkatun ruwa na ƙasa da aka tsara da taimakon hukumar JICA ta Japan a 1995, aka sabunta shi a 2013, kuma ya raba ƙasar gida takwas ta fuskar ruwa, kwarin Cadi shi ne yanki na 8. Hukumar NIHSA, mai kula da awon ruwa ta ƙasa, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar yanayi ta NiMet tana fitar da na damina. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya yi aiki a kan noman rani na Bakolori da Kogin Kano da Kwarin Haɗeja, kuma irin wannan shiri ba ya tafiya sai da tarin rahotanni. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna. Ga kundayen digiri a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Maiduguri. A Kano, tsohuwar hukumar WRECA ta yi shekaru tana gina madatsu tana auna koguna.

Don haka a wajabta wa mai neman kuɗi ya lissafo abin da aka riga aka yi a kan batunsa, ya nuna takamaiman giɓin da ya rage. A tura ƙaramin ma'aikaci mai himma ya yi mako biyu yana zagaya ofisoshin nan da wasiƙa a hannu. Kuɗin motarsa da na kwafe takardu ba su kai kashi 1 cikin 100 na abin da kamfani zai karɓa ya sake rubuto abu ɗaya da sabon bango ba.

Sai hurumi. Tsarin mulkin 1999 ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun tarayya, kuma tun 1976 aka kafa hukumomin raya koguna a faɗin ƙasa. Dam ɗin Tiga da na Calawa, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke sakin ruwansu. Jihar da ta biya kuɗi ita kaɗai aka rubuta mata jadawalin sakin ruwan Tiga, ta sayi shawarar da ba ta da ikon zartarwa. Irin wannan nazari ko dai a yi shi tare da hukumar, da sa hannunta tun farko, ko a kai shi asusun haɗin gwiwar kwarin da jihohin Bauci, Borno, Filato, Jigawa, Kano da Yobe suka kafa tare da tarayya a 2006, mai hedikwata a Damaturu.

Mataki na 3: Da wane awo za a yi lissafin?

Nan ne ya kamata kwamiti ya fi daɗewa, kuma nan ne aka fi yin sauri, don ba shi da armashi.

Duk lissafin ruwa, komai girman kwamfutar da ta yi shi, a kan ƙafa uku yake tsaye: nawa ya sauko daga sama, nawa ya wuce a kogi, nawa ke kwance a ƙasa. Idan ka je gindin gadar wani babban kogi, ka duba jikin ginshiƙi ko bakin gaɓa, kana iya ganin wani dogon allon ƙarfe mai zane-zane da lambobi, an jera shi hawa-hawa daga tsakiyar kwari zuwa tudu. Sandar awo ke nan. Akwai mutumin garin da aka ɗauka, safe da yamma zai sauko ya dubi inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi. Lokaci-lokaci ma'aikata su zo da na'ura su auna gudun ruwan, don a san idan sanda ta nuna mita kaza, ruwa kaza ke wucewa a daƙiƙa. Alawus ɗin mutumin nan bai taka kara ya karya ba. Amma ranar da aka daina biyansa, ko ambaliya ta tafi da allon ba a mayar ba, an yi giɓin da ba kuɗin da zai cike shi daga baya. Ruwan da ya wuce Wudil ko Gashuwa a watan Agustan bara ba tare da an rubuta ba, ya wuce ke nan.

Saboda haka a tambayi kowane mai takarda: awon wace tasha za ka yi aiki da shi, daga wace shekara zuwa wace, kuma shekaru nawa ne babu rubutu a tsakani? Masana yanayi sukan ɗauki shekara 30 a matsayin ma'aunin da za a ce ga yadda wuri yake. Idan ya ce zai cike giɓi da bayanan tauraron ɗan'adam, ba laifi ba ne, ana yi, amma a tambaye shi da wane awon ƙasa zai gwada su.

Ba tsawon shekarun kaɗai ba, har da waɗanne shekaru ne. Yankin Sahel ya sha ruwa sosai a shekarun 1950 da 1960, sannan fari ya biyo baya a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984. A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A kan wannan yalwa aka tsara aikin noman rani na Kudancin Cadi a Sabon Marte, na sama da hekta 60,000, da doguwar hanyar jawo ruwa daga tafkin. Kafin aikin ya kankama tafkin ya ja da baya ya bar bakin hanyar a tudu. Injiniyoyin ba jahilai ba ne, lissafinsu ya yi daidai da shekarun da suka gani. Shi ya sa duk nazarin da bai gwada shawararsa a kan shekarun fari da kuma shekarun ruwa mai ƙarfi irin na 2012 da 2022 ba, rabin aiki ne.

Ga wani tarko da tsarin kasafinmu ke haƙawa da kansa. Kuɗi yakan fito a ƙarshen shekara, a ce a gama aiki cikin wata uku. Wanda ya fita daji daga Nuwamba zuwa Janairu bai ga kogi a cikarsa ta Agusta da Satumba ba, bai kuma ga rijiya a ƙarshen janyewarta ta Afrilu da Mayu ba. Lokacin da komai ke tsaka-tsaki ya gani. Nazarin ruwan da ke buƙatar sabon awo, mafi ƙaranci ya ratsa damina guda da rani guda. Idan kasafi ba zai ɗauki haka ba, a raba aikin shekara biyu.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Idan jiha ba ta da sandunan awo masu aiki da rijiyoyin sa ido, wato waɗanda ake auna hawa da saukar ruwan ƙasa a cikinsu, to mayar da su shi ne nazarin farko da ya cancanci kuɗi, ko da babu wanda ya kawo takardarsa. Kwamiti ya rubuta ta da kansa.

Mataki na 4: Abin da ya shafi rai ba ya bin layi

Akwai nazari iri biyu da ba a gwama su da saura. Na farko binciken lafiyar madatsun da jiha ta mallaka. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agustan 1988. Na Gusau ya ɓalle a 2006. A ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan dam ɗin Alau ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri da Jere, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Madatsun ƙasa da yawa a Arewa an gina su ne a shekarun 1970 da 1980, sun tsufa, kuma garuruwan da ke ƙasansu sun ninka. Abin da ake so a duba sananne ne: tsattsafo a bayan jinga, tsagewa, itatuwa da gidajen gara a jikin ganuwa, ƙofofin da suka ƙi buɗuwa, da ko mafitar rara za ta iya fitar da babban ruwa. A haɗa da taswirar unguwannin da ruwa zai bi idan abin ya faru, da mintuna nawa mutane ke da su.

Idan injiniya ya ce an gina wuri don "ambaliyar shekara 100", kada a ɗauka sai bayan ƙarni za a gan ta. Ma'anarsa kowace shekara akwai yiwuwar 1 cikin 100. A tsawon shekara 30, yiwuwar a gamu da ita aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26 cikin 100.

Na biyu ingancin ruwan da mutane ke sha yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin fuloraid a miligiram 1.5 a lita, naitiret 50, dalma 0.01. An san yankin Kaltungo da na Langtang da yawan fuloraid, mai ɓata haƙoran yara. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta taso, kuma duk inda ake wanke ma'adini kusa da kududdufi da rijiya, gwajin ruwa ya zama dole. Irin wannan gwaji ba shi da tsada, amsarsa kuma a fili take: a rufe rijiya, ko a bar ta.

Mataki na 5: Lissafin bayan ambulan

Waɗanda suka tsallake matakan baya, sai a auna kuɗinsu da girman kuskuren da za su hana. Ba sai an ɗauko masanin tattalin arziki ba. Ga misali na ƙirƙira, don a ga yadda ake yi. A ce za a gina matatar ruwa ta naira biliyan 10, kuma injiniyoyi sun ƙiyasta akwai yiwuwar 1 cikin 5 cewa mashigar da aka zaɓa za ta riƙa ƙafewa da rani, abin da zai salwantar da rabin amfanin aikin. Rabin biliyan 10 biliyan 5 ne, kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuma biliyan 1. Wannan ita ce asarar da ke rataye. Idan nazarin naira miliyan 80 zai rage yiwuwar kuskuren da rabi, ya tsare miliyan 500. A biya shi ba gardama. Amma nazarin miliyan 80 a kan aikin miliyan 150 da za a iya gyarawa cikin sauƙi idan ya karkace, ɓarna ce.

Daga nan ƙa'ida ta fito: aikin da ba ya warwaruwa, kamar dam ko tashin gari, shi ke son dogon nazari. Wanda ake iya gwadawa kaɗan-kaɗan, a gwada shi kawai. Maganar rijiyar burtsatse ma ta danganta da ƙasar wurin. A Kano da Kaduna da sassan Katsina da Bauci, dutse ne a ƙasa, ruwa a tsagoginsa yake, ana iya samu nan a rasa a taku ɗari, don haka binciken wuri kafin haƙa yana mayar da kuɗinsa. A Yobe da Borno da arewa maso gabashin Jigawa kuwa, shimfiɗar yashi da yumɓu ce ta kwarin Cadi mai hawa uku na ruwa. Can tambayar ba ko akwai ruwa ba ce, nawa ake zuƙa, kuma nawa yake sauka duk shekara.

Mataki na 6: Ina iyakar taswirar ta tsaya?

A buɗe taswirar da ke cikin takardar a ga inda aka ja layi. Idan layin ya tsaya a bakin gonakin aikin, ko a iyakar jiha, to za a ƙirga riba a bar asara a waje.

Kwarin Haɗeja ya isa darasi. An gama Tiga a 1974, Calawa a 1992, kuma su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Amfaninsu ba a musu: ruwan shan Kano, shinkafa da tumatir da alkamar Kura da Bunkure da Garun Malam. Amma kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani, ya koma mai tafiya a hankali duk shekara. Kacalla ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, laka ta taru, ruwa ya karkata ta mashigar Marma ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, na wasu kuma ya daina zuwa. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna abin da fadamar ke bayarwa ta noma da kamun kifi da itacen girki, suka nuna cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, ya fi abin da babban aikin noman rani na sama ke bayarwa. Wannan ne tushen jayayyar dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wanda aka fara aka dakatar ba sau ɗaya ba. Jama'are ba shi da babban dam, shi ya sa mutanen Gashuwa da Gaidam da ke gangare suke kallonsa da idon da mutanen Ningi, inda ake son gina dam ɗin, ba sa kallonsa da shi. Can gaba ma kogin, wanda a nan ake kira Komadugu Yobe, ya zama iyaka da Nijar, manoman tattasan Difa da shi suke ban ruwa.

Don haka takardar da ta cancanci kuɗi sai ta nuna wa zai samu ƙarin ruwa, wa zai rasa, a wane wata. A duba jerin waɗanda za a zanta da su. Idan daga hakimi sai shugaban ƙaramar hukuma, da sauran aiki. Sarkin ruwa ya san shekarar da kifi ya daina hawowa. Arɗo ya san mashayar da ta rufe. Matan gida sun san watan da guga ke fara dawowa da laka, 'yan garuwa kuma sun san unguwar da famfonta ya mutu, don farashin jarkarsu shi ke faɗa. Rikicin Bakolori na 1980, da aka rasa rayukan manoma a kan filaye da diyya, ya nuna inda raina wannan mataki ke kaiwa. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ma ta wajabta irin wannan dubawa ga manyan ayyuka, gara a yi ta tun ana iya sauya zane.

Mataki na 7: Bayan rahoto, sai me?

A tambaya ko akwai hanyar samun kuɗin aikin da rahoton zai ba da shawara. Zanen matatar da ba za a gina ba sai bayan shekara goma, kafin nan farashi da yawan jama'a sun bar shi a baya. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, duk adadin mutanen da za a gani a takarda ƙiyasi ne, a tambayi yadda aka yi shi.

A gefe guda, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Manyan shirye-shirye irin su ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da ruwa a yankunan fari, na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, sukan nemi tsararren shiri da zane kafin su saki kuɗi. Nazarin da zai buɗe irin wannan ƙofa a ɗaga shi sama, da sharaɗin a ga takardar da ta nuna ainihin abin da masu kuɗin suka nema, ba jita-jita ba.

Mataki na 8: Jerawa

A ce takardu shida ne a gaban kwamitin wata jiha a wannan kwari: babban shirin shekara 30, nazarin yiwuwar sabon dam, binciken lafiyar tsofaffin madatsu, awon zurfin tafkin da birni ke sha, sa ido a kan rijiyoyin burtsatsen birni, da gyaran tashoshin awo. Ni da za a tambaye ni, lafiyar madatsu ce ta farko, tashoshin awo na biye. Na uku awon zurfin tafki, don adadin da ke rubuce a allon ƙaddamarwa ba shi ne a cikin ruwa ba. Laka tana cin wuri duk damina, rana tana ɗauke kusan mita 2 daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara, Tiga kanta an sauke mafitar rararta ƙasa a 1992 saboda tsaro, abin da take ɗauka ya ragu. Sa ido a kan rijiyoyi a ba jami'a da ƙaramin kuɗi na shekara-shekara. Sabon dam ya jira awo da zama da na gangare. Babban shirin kuwa shi ne na ƙarshe, duk da shi ya fi kyan bango, don a yau ba shi da abin da zai tsaya a kai.

Idan ana son ba da maki, a ba da, amma kowane ɗan kwamiti ya rubuta nasa shi kaɗai kafin a zauna, kuma wanda ke da alaƙa da wani kamfani ya faɗa ya fita. Kada a yanka kuɗin gida shida don kowa ya ji daɗi. Nazari biyu da aka gama sun fi shida da aka bari a rabi. A kuma ware wani abu, ko kashi 10 cikin 100, don mai duba aiki mai zaman kansa.

Mataki na 9: Abin da za a rubuta a kwangila

Zaɓe mai kyau yakan lalace a nan. A bi dokar sayen kaya da ayyuka ta jiha, a yi gasa a fili, sannan a sa waɗannan a rubuce. Ɗanyen awo, da taswirori, da fayilolin lissafin kwamfuta, duk mallakar jiha ne, a miƙa su ta sigar da ma'aikata za su iya buɗewa, ba hoton shafi ba. Sunayen ƙwararrun da aka nuna wajen neman aiki su ne za su fita daji, ba a musanya su sai da izini. A haɗa su da ma'aikatan ma'aikata biyu ko uku daga farko har ƙarshe. Biya kashi-kashi ne, kason ƙarshe sai mai duba aiki ya sa hannu. A tsaga aikin biyu, da mahaɗa a tsakiya inda kwamiti zai iya cewa abin da aka gani ya isa, a tsaya.

Rahoto ya zo da taƙaitawar shafi biyu da Hausa, da Kanuri ko Fulfulde inda ya dace, a karanta a rediyo, a kai wa garuruwan da aka yi wa tambayoyi. A ɗora cikakkensa a shafin intanet na ma'aikata, a aika kwafi ga NIHSA da ɗakin karatun jami'ar jiha. Bayan wata shida da miƙawa, ofishin da aka ambata a shafin farko na mataki na 1 ya rubuto wa kwamiti shawarar da ya yanke da dalilinsa, ko ya bi rahoton ko ya saɓa masa.

Waɗanda ba a zaɓa ba kuma a rubuta musu wasiƙa, a faɗi matakin da takardarsu ta tsaya da abin da za su kawo baɗi: mai sabon dam ya zo da awon damina biyu da takardar zama da jihar da ke gangare, mai babban shiri ya dawo idan tashoshin awo sun yi shekara uku suna aiki.